Leonhard Seppala, Mai Kiwon Karnukan Ƙanƙara

A ƙasarmu ta Dutsi da Daura jaki da raƙumi su ke ɗaukar kaya, kare kuwa aikinsa farauta da tsaron gida. Amma a Alaska, can ƙuryar arewacin Amurka, inda ƙanƙara ta kan rufe ƙasa wata da watanni, karnuka su ne dabbobin tafiya. A kan ɗaura su bibbiyu su ja wani amalanke marar ƙafafu, mai sulɓewa bisa ƙanƙara. Ba linzami, muryar maigida kaɗai ja-gabansu ya ke bi. Za mu ba da labarin wani da ya yi kwanakinsa yana kiwonsu.

An haifi Leonhard Seppala a ƙasar Norwe a 1877. A 1900 ya tafi garin Nome na Alaska aikin haƙar zinariya, can ya koyi tuƙa karnuka. Aiki ne marar hutu, gama mai karnuka ya kan ciyad da su da busasshen kifi, ya dudduba tafin ƙafar kowanne kada ƙanƙara ta yanke shi. Seppala ya gwanance har ya ci babbar tseren Alaska shekara uku a jere, daga 1915 zuwa 1917.

A 1913 aka haifi wani ɗan kwikwiyo ƙanƙane, mai ciwo. Matarsa Constance ta yi ta jinyarsa har ya warke, aka sa masa suna Togo. Seppala ya raina shi, ya kyautar da shi yana wata shida. Togo ya fasa gilashin taga ya komo gida. Da ya kai wata takwas ya tsere ya bi sawun amalanke, maigidan ya ɗaura shi don dole. Ran nan ya yi mil 75, daga baya ya zama ja-gaba.

Cikin Janairu 1925 cutar mashaƙo, mai toshe maƙogwaron yara, ta ɓarke a Nome. Teku ta daskare, jiragen sama na zamanin ba su iya sanyin ba. Jirgin ƙasa ya kai magani garin Nenana, saura mil 674, kusan nisan Kano da Ikko. Mutum 20 da karnuka wajen 150 suka yi ta miƙa wa juna maganin. 'Yar Seppala, mai shekara takwas, tana cikin yaran garin.

Seppala ya fita taryen maganin, Togo a gaba, yana da shekara 12. Da ya karɓa sai ya juyo, ya yanke ta bisa tekun Norton da ta daskare, cikin duhu da iska, domin ya rage hanya. Idon mutum ba ya ganin kome, karen ya bi da su. Mil 91 suka yi da maganin, tafiya da komowa kuwa mil 261, ba wanda ya yi kusa da haka. Ran 2 ga Fabrairu magani ya shiga Nome, bayan kwana biyar da rabi.

Yabon duniya ya faɗa wa Balto, karen da ya yi zangon ƙarshe, har aka kafa siffarsa a birnin New York. Abin ya ɓata wa Seppala rai. Togo ya mutu a 1929, shi kuwa ya rasu a Seattle a 1967, yana da shekara 89.

Mu lura: da an bar kwikwiyon nan ya mutu don rashin ƙarfinsa, wa zai bi da su bisa teku? Kada mu raina marar ƙarfi a gidajenmu, ko ɗa ko dabba. Mashaƙo kuwa ba labarin nesa ba ne, gama a 2023 ya kashe yara da yawa a Kano da Katsina. Abin da mutanen nan suka sa ransu dominsa, mu allura ce a asibiti. Mu kai 'ya'yanmu rigakafi.