Marigayi Alhaji Audu Bako (1924–1980): Ɗan Sandan da Ya Buɗe wa Manoman Kano Makarantar Rani

 

'Yan'uwa 'yan asalin Ungogo mazauna birane, a fitowar bana mun ga ya dace mu waiwayi rayuwar wani bawan Allah wanda ba a ƙasarmu aka haife shi ba, amma duk wanda ya ci tumatir ko shinkafar Kura da rani ya ci daga guminsa. Wannan kuwa shi ne Marigayi Alhaji Audu Bako, gwamnan farko na Jihar Kano.

An haifi Audu Bako a shekarar 1924 a barikin 'yan sanda na Kaduna, inda mahaifinsa ya daɗe yana aiki. Ya yi karatunsa a Kaduna, sannan ya wuce Midil ta Zariya. A 1942 ya shiga aikin ɗan sanda, ya bi sawun mahaifinsa. Daga cikin ayyukan da ya riƙe har da koyarwa a Kwalejin 'Yan Sanda ta Kaduna. Wannan gaɓa ta rayuwarsa abar lura ce, domin duk wanda ya taɓa riƙe alli ya san cewa ɗalibi ba ya ƙwarewa da sauraro kawai, sai an sa shi ya yi da hannunsa, ya ɓata, an gyara masa.

A ranar 27 ga Mayu, 1967, Janar Yakubu Gowon ya raba Nijeriya jihohi 12, aka naɗa Audu Bako gwamnan Jihar Kano. A lokacin jihar ta haɗa masarautun Kano da Haɗeja da Gumel da Kazaure, domin ba a cire Jigawa ba sai a 1991. Ya karɓi jiha mai ɗimbin jama'a da ƙarancin gonaki, ga kuma yaƙin basasa ana tsaka da shi. Ya jawo mutane masu kishi ya ba su kwamishina, irin su Alhaji Yusuf Maitama Sule da Alhaji Tanko Yakasai, ya kuma danƙa ma'aikatar gona a hannun Alhaji Inuwa Dutse.

Domin mu fahimci girman abin da ya sa a gaba, sai mu tuna yadda ƙasarmu take a wancan zamani. A 1965 wasu masana, Mortimore da Wilson, suka fitar da binciken da suka yi a gundumar Ungogo kan ƙasa da jama'a. Abin da suka rubuta iyayenmu sun riga sun san shi: gonaki ƙanana ne, ba a barin su su huta, kowace shekara sai an noma su. Abin da ya riƙe ƙasar shi ne taki. Da rani jakuna kan shiga birni da itace, su komo da mangaloli cike da shara da toka, a zube su tsibi-tsibi a gona. Manomi kan haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a fili ɗaya, ya bar gawo da ɗorawa da kuka a tsaye. Hikima ce babba, amma tana da iyaka, domin duk ta rataya ne a kan damina ta wata huɗu ko biyar. Da an kai amfani gida, sai majiya ƙarfi su kama hanyar cin rani.

A nan Audu Bako ya sa ido. Ya lura cewa ruwan da ke malala a kogunan jihar da damina ya wuce a banza, da za a tare shi, da ya ciyar da jama'a da rani. Aka fara da madatsar Bagauda, sannan aka shiga babban aikin madatsar Tiga a kan Kogin Kano, wanda aka soma a 1971 aka kammala a 1974. Ana cikin wannan aiki farin 1972 zuwa 1974 ya auka wa ƙasashen Sahel da arewacin Nijeriya, dabbobi suka halaka, rumbuna suka bushe. Masu ganin aikin ɓarnar kuɗi ne suka gane cewa da tsohuwar zuma ake magani, kuma tanadi ba ya zama asara.

Sai dai tara ruwa daban, iya amfani da shi daban. Manomin da ya saba da jigo da kwarya a bakin fadama bai taɓa ganin ruwan da ke tahowa da kansa ta magudana ba. Saboda haka aka fara da gonakin gwaji a Kadawa ta hanyar Zariya, ba Kadawarmu ta nan Ungogo ba. A can malaman gona suka riƙa nuna wa manoma aiki a cikin gona: yadda ake daidaita fili don ruwa ya kai ko'ina, yadda ake jawo ruwa daga magudana da bututu, yaushe ake ba shuka ruwa, yaushe ake ɗauke mata. Suka koyi cewa alkama sanyi take so, don haka a shuka ta a watan Nuwamba, wanda ya makara zafi ya riske shi kafin ta cika ido. Wanda ya ga gonar maƙwabcinsa ta yi kyau bai bukaci dogon wa'azi ba, gani ya kori ji. Daga wannan tushe ne ƙasashen Kura da Bunkure da Garun Malam suka zama matattarar shinkafa da alkama da tumatir.

Adalci ne mu faɗi cewa aikin bai rasa tasa illar ba. An tashi ƙauyuka daga inda ruwan Tiga ya kwanta, kuma mutanen fadamun Haɗeja da Nguru sun ga raguwar ambaliyar da suke noma da kamun kifi da ita. Wannan ma darasi ne ga masu tsara ayyuka: a riƙa tunawa da na ƙasan kogi.

Mulkinsa ya ƙare da juyin mulkin 29 ga Yuli, 1975, wanda ya kawo Janar Murtala Muhammed, Kanar Sani Bello ya gaje shi. Audu Bako ya koma gona, ya ci gaba da noma har Allah Ya karɓi rayuwarsa a 1980. An sa sunansa a sakatariyar jiha da gidan namun daji na Kano, amma a ganina babu inda sunan ya fi dacewa kamar Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Ɗambatta.

To, 'yan'uwa, ina muka kwana? Birni ya cinye gonakin Rijiyar Zaki da Bachirawa, yana kuma matsowa Panisau da Rangaza. Gonar da kakanni suka yi shekaru suna ciyar da ita da taki, yau a wuni ɗaya ake yanka ta fulotai. 'Ya'yanmu da aka haifa a Legas da Abuja da yawansu ba su iya bambance gero da dawa kafin su fid da kai ba. Tunda gonaki sun ƙara tsukewa, abin da ya rage mana shi ne ilimin da zai sa ɗan fili ya ba da amfani mai yawa, damina da rani.

Don haka nake roƙon wannan ƙungiya mai albarka ta tanadi ko da kadada ɗaya ta zama gonar koyo, a haƙa mata rijiya, a samo malamin gona, a haɗa shi da dattawan da suka san ƙasar. A koya wa matasa renon iri da haɗa taki da lambu, a kuma ɗauki nauyin masu sha'awa zuwa Ɗambatta. Mu ma, idan mun zo hutu, mu kai yaranmu su riƙe fartanya.

Allah Ya jiƙan Alhaji Audu Bako, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Mu kuma Ya ba mu ikon riƙe amanar ƙasar da muka gada, amin.