Mohamed Atalla, ɗan Masar da ya ƙera taransiston da ba ya shan wuta

Duk wayar salula da masu gyara ke buɗewa a Zangon Kumasi ko a Adum tana ɗauke da biliyoyin ƙananan taransisto irin wanda ake kira MOSFET. Ɗaya daga cikin mutum biyu da suka ƙirƙiro shi ɗan Afirka ne, Mohamed Atalla.

An haife shi a birnin Port Said na ƙasar Masar ranar 4 ga Agusta, 1924. Ya yi digiri a Jami'ar Alkahira, sannan ya tafi Amurka, inda ya kammala digirin digirgir a Jami'ar Purdue a 1949. A wannan shekarar ce ya kama aiki a cibiyar bincike ta Bell Labs.

Matsalar da ta addabi masana a lokacin ita ce saman silikon ba ya bin umarni, domin wutar da ake son ta sarrafa shi sai ta maƙale a samansa. Atalla ya nuna cewa idan aka gasa silikon cikin iskar oksijin, wata 'yar siririyar fata mai kama da gilashi takan fito masa ta daidaita shi. A kan wannan fata ne shi da Dawon Kahng, ɗan Koriya, suka ɗora ƙofar ƙarfe, suka ƙera MOSFET a 1959, suka nuna shi a 1960.

Fatar nan ba ta barin wuta ta ratsa. Ƙofar takan ji ƙarfin wutar kawai, ba ta zuƙar kusan komai, har turjiyarta kan wuce om tiriliyan ɗaya. Amfanin haka shi ne na'ura ta auna sigina mai rauni ba tare da ta shanye shi ba, kamar yadda ake buƙata wajen auna tsamin ruwan sha. Shi ya sa kuma batir ke daɗewa. Amma siririyar fatar ba ta da ƙwari: tartsatsin da yatsa ke yi lokacin hunturu ya isa ya huda ta, dalilin da ya sa ƙwararren mai gyara ke ɗaura igiyar sauke caji a hannu.

Bell Labs ba ta ba ƙirƙirar muhimmanci da farko ba, saboda ba ta kai taransiston zamanin sauri ba. Atalla ya koma kamfanin Hewlett-Packard a 1962, daga nan Fairchild a 1969. A 1972 ya kafa nasa kamfanin, wanda ya fito da na'urar da bankuna ke kare lambar sirri ta PIN da ita.

Ya rasu a jihar Kalifoniya ranar 30 ga Disamba, 2009, yana da shekara 85. A shekarar ce aka sa sunansa da na Kahng cikin kundin fitattun masu ƙirƙira na Amurka.