Marigayi Alhaji Mamman Shata: mawaƙin da littafinsa ke cikin faifai

Kwanan baya mun tsaya rumfar wani mai saida faya-fayan CD a kasuwar Magarya, muna neman abin da za mu sa wa masu saurarenmu. Ga na wa'azi, ga na karatun Alƙur'ani, ga na 'yan fim, duk ƙura ta rufe su, don yanzu kowa a waya yake jin waƙa. Can ƙasa muka ci karo da Shata, faifai uku, bangonsu ya koɗe.

An haifi Mamman Shata a Musawa, ƙasar Katsina, a 1923. Mahaifinsa, Ibrahim Yaro, bai so ɗansa ya yi waƙa ba, domin a ganinsa roƙo ce, kuma gidansu ba gidan roƙo ba ne. Yaron ya fara da tallar goro, yana haɗawa da waƙa a dandali. Daga nan ya koma Bakori, kalangu ya zama abokin tafiyarsa har ƙarshen ransa.

Shata ba ya zama ya rubuta waƙa. Makaɗa su ɗauko kiɗi, 'yan amshi su riƙe amshi guda, shi kuma ya yi ta zuba magana a kai yadda ta zo masa. Ya yi wa sarakuna da attajirai, ya yi wa direbobi da manoma, ya yi wa sojojin Najeriya lokacin yaƙin basasa, har kumbon Apollo 11 da ya kai mutum wata a 1969 bai tsira ba. Shi kansa bai riƙe lissafin waƙoƙinsa ba. Bakandamiya ma, wadda yake wasa kansa a cikinta, ba iri ɗaya ba ce. Kowane zama da yadda ta fito.

To, a nan matsalar take. Mawaƙin da bai rubuta ba, abin da aka ɗauka na muryarsa shi ne littafinsa. Faya-fayan da muka saya kuwa daga kaset aka kwafo su, kaset ɗin ma kwafin wani ne. An yanke kan wata waƙar don ta shiga, wata an ba ta sunan da ba nata ba, ba shekara, ba wurin da aka yi ta, balle sunan makaɗi ko ɗaya. Mu 'yan radiyo ma da laifinmu: sau nawa muka katse shi tsakiyar waƙa don mu karanta sanarwar biki?

A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta. Ya taɓa siyasa, ya shugabanci jam'iyyar SDP a ƙaramar hukumar Funtuwa, amma kujerar ba ta daɗe a hannunsa ba.

Allah ya yi masa rasuwa a Kano cikin watan Yunin 1999, aka kai shi Daura aka rufe, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar, nan kusa da mu tsallaken iyaka. Allah ya jiƙansa.

Muna roƙon dattawan Magarya da Dungas da ke da tsofaffin kaset na Shata cikin akwati su kawo mana gidan radiyo. Za mu kwafa a gabansu, mu rubuta abin da suka sani game da kowace waƙa, mu maida wa kowa abinsa.