Mary Lasker: Matar da ba likita ba, amma ta tilasta wa gwamnatin Amurka zuba kuɗi a binciken sankara

'Yan uwana ɗalibai, da yawanmu mun shigo makarantar nan ne bayan burin karatun likitanci ya faskara. Ni ma ina cikinsu. Na daɗe ina ɗaukar cewa duk wanda bai sa farar riga ba, to ba shi da abin da zai tsinana a yaƙi da cuta irin sankara, wadda wasu ke kira ciwon daji ko kansa. Tarihin wata Ba'amurkiya mai suna Mary Lasker ne ya gyara mini wannan tunani, shi ya sa na ga ya dace in kawo muku shi kafin in tattara komatsaina in bar makaranta.

An haifi Mary Woodard ranar 30 ga Nuwamba, 1900, a garin Watertown na jihar Wisconsin. Mahaifinta ma'aikacin banki ne, gidansu akwai rufin asiri. Amma tun tana ƙarama ta sha fama da ciwon kunne mai tsanani, a zamanin da ba a samo magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su fenisilin ba. Tana 'yar yarinya kuma mahaifiyarta ta tafi da ita duba matar da ke yi musu wanki, wadda aka yanke wa mama saboda sankara. Abin da ta gani a ɗakin nan bai taɓa barin zuciyarta ba. Daga baya ciwon zuciya da shanyewar jiki suka ɗauke iyayenta duka biyu, likitoci na kallo ba su da abin yi.

Duk da haka ba kimiyya ta karanta ba. Tarihin zane-zane ta karanta, ta kammala kwalejin Radcliffe a 1923, ta koma birnin New York tana dillancin zane-zanen manyan masu fasaha. Aurenta na fari ya mutu a 1934. A lokacin karayar tattalin arzikin Amurka ta kafa sana'ar sayar da takardun yankan ɗinki masu araha ga matan da ke ɗinka kayansu a gida, ta kuwa samu kuɗi. Wato kafin ta shiga harkar lafiya ta riga ta iya ciniki, ta san yadda ake shawo kan mai kuɗi ya buɗe jaka.

A 1940 ta auri Albert Lasker, shugaban kamfanin tallace-tallace na Lord & Thomas, mutumin da ake ɗauka cikin iyayen tallan zamani. Ga wani abin mamaki: cikin manyan hanyoyin da ya yi arziki har da tallan sigarin Lucky Strike, wanda ya jawo ɗimbin mata cikin shan taba. A 1942 ya bar harkar talla, su biyun suka kafa gidauniya da sunansu domin tallafa wa binciken lafiya. Albert ne ya nusar da ita cewa dukiyarsu komai yawanta ɗigo ce kawai, kuɗin gaske yana baitulmalin gwamnati, kuma akwai hanyar da ake bi a fito da shi.

Ta fara ne da wata ƙungiyar likitoci ta yaƙi da sankara da aka kafa tun 1913. Da ta leƙa ofishinsu a 1943, sai ta tarar kasafinsu na shekara bai wuce dala dubu 100 da 'yan kai ba, kuma ko sisi ba ya tafiya wajen bincike. A wancan lokaci mutane kunyar ambaton cutar suke yi, kamar dai yadda har yau a wasu gidajenmu ake ɓoye ta ana cewa jifa ne ko sammu. Gidajen rediyon Amurka ma gudun furta sunanta suke. Mary da mijinta suka yi amfani da sanayyarsu, aka fara maganar sankara a shirye-shiryen rediyo masu farin jini, mujallar Reader's Digest ta buga labarai tana neman gudummawa. Sharaɗinta biyu ne: a ware kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka tara domin bincike, sannan a ba waɗanda ba likitoci ba kujeru a hukumar gudanarwa. Wasu likitocin sun ji haushi ƙwarai, suna ganin 'yan kasuwa sun ƙwace musu ƙungiya. A 1945 aka sake mata suna ta zama American Cancer Society, kuma kafin ƙarshen 1946 abin da take tarawa a shekara ya haura dala miliyan 4.

Kuɗin nan ya yi aiki. Ƙungiyar ta dage wajen yaɗa gwajin da Dakta George Papanicolaou ya ƙirƙiro, inda ake ɗan shafo ƙwayoyin halitta daga bakin mahaifa a duba su a madubin likita, a gano canji tun bai zama sankara ba. Mace-macen sankarar bakin mahaifa a Amurka sun ragu da fiye da rabi cikin shekarun da suka biyo baya. Ita dai ƙungiyar ce ta ɗauki nauyin binciken Hammond da Horn, wanda sakamakonsa na 1954 ya nuna masu shan sigari sun fi mutuwa da sankarar huhu nesa ba kusa ba. Ka ga ikon Allah, ƙungiyar da mai tallan taba ya taimaka aka gina ita ce ta tona asirin tabar. Albert bai ga wannan rana ba. Sankarar hanji ta kashe shi a 1952.

Rasuwarsa ta ƙara mata ƙaimi, ta mayar da hankalinta kacokan kan Majalisar Dokoki a Washington. A nan ne darasin yake ga mai son irin wannan aiki, don ba da hayaniya ta yi shi ba. Da farko tana tattara alƙaluma: mutum nawa cutar ke kashewa, nawa ƙasa ke asara, nawa gwamnati ke kashewa a bincike. Ta sa ana buga su a ƙananan littattafai da kowane ɗan majalisa zai iya karantawa cikin 'yan mintoci. Na biyu, ta gano waɗanda ke riƙe da wuƙa da nama a kwamitocin kasafin kuɗi, musamman Sanata Lister Hill na Alabama da ɗan majalisar wakilai John Fogarty na Rhode Island, ita da ƙawarta Florence Mahoney suka yi ta kamun ƙafa shekara da shekaru. Na uku, tana kawo masana su ba da shaida a zaman kwamiti, irin su Dakta Sidney Farber na Boston, wanda a 1947 zuwa 1948 ya nuna cewa magani na iya lafar da sankarar jini ta yara ko da na ɗan lokaci ne. Na huɗu, kyautar Lasker da gidauniyarta ke bayarwa ta sa 'yan jarida suna waiwayar masu bincike. Fiye da mutum 80 cikin waɗanda suka karɓe ta sun ci kyautar Nobel. Kada mu ɓoye, tana kuma ba 'yan siyasa gudummawar yaƙin neman zaɓe, wanda ya sauƙaƙe mata buɗe ƙofofi.

Kasafin cibiyoyin binciken lafiya na gwamnatin Amurka, wato NIH, bai kai dala miliyan 3 ba a 1945. Zuwa 1985 ya haura dala biliyan 5. Ba ita kaɗai ta yi ba, amma da wuya ka ga mai tarihin fannin da bai sa sunanta a sahun gaba ba.

Babban yaƙinta ya zo bayan Amurka ta sauke mutum a duniyar wata a watan Yulin 1969. Hujjarta ita ce ƙasar da ta iya wannan za ta iya gamawa da sankara idan ta sa kuɗi da tsari. A watan Disamban shekarar, kwamitinta ya sayi shafi guda cur a manyan jaridu yana ƙalubalantar Shugaba Richard Nixon kai tsaye. A 1971 marubuciyar jarida Ann Landers ta nemi masu karatunta su rubuta wa sanatocinsu, wasiƙu suka yi ta kwarara har ma'aikata suka rasa inda za su sa su. Majalisar Dattawa ta amince da ƙudurin da ƙuri'a 79, mutum ɗaya tak ya ƙi. Ranar 23 ga Disamba, 1971, Nixon ya sa hannu kan Dokar Sankara ta Ƙasa, wadda ta tanadi kusan dala biliyan 1.6 cikin shekara uku.

Sai dai ba ta samu duk abin da take so ba, kuma gaskiya gara da aka yi hakan. Ta so a ware binciken sankara ya zama hukuma mai cin gashin kanta irin NASA. Masana da yawa suka ƙi. Suka ce lokacin da aka nufi wata an riga an san ilimin lissafin tafiyar, saura gini kawai, amma a 1971 ba a ma fahimci abin da ke juya lafiyayyar ƙwayar halitta ta zama sankara ba. A ƙarshe aka bar Cibiyar Sankara ta Ƙasa, wadda aka kafa tun 1937, a cikin NIH, amma aka ba ta damar miƙa kasafinta kai tsaye ga shugaban ƙasa. Magoya bayanta sun sa wa jama'a rai da samun magani zuwa 1976. Shekarar ta zo ta wuce, shiru. A 1986 wani nazari na John Bailar da Elaine Smith ya nuna mace-macen sankara ma ƙaruwa suka yi, suka kuma nemi a ƙara ƙarfi wajen rigakafi. Wannan alƙawari da ya wuce abin da ilimi ya tabbatar shi ne babban kuskurenta.

Amma jarin bai faɗi ƙasa banza ba. Yawan mace-macen sankara a Amurka ya kai ƙololuwa a 1991, daga nan ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku, saboda raguwar shan taba da gwajin wuri da ingantattun magunguna. Sankarar jinin yaran nan da Farber ya fara gwada wa magani, yanzu kusan yara 9 cikin 10 na tsira daga gare ta a ƙasashe masu arziki. Mary ta samu lambar yabo ta shugaban ƙasa a 1969, da lambar zinare ta Majalisa a 1989. Ta rasu ranar 21 ga Fabrairu, 1994, tana da shekara 93.

To mu fa? A 2001 shugabannin Afirka suka yi alƙawari a Abuja cewa za su riƙa ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya, kuma kasafin tarayyar Najeriya bai cika wannan alƙawari ba. An yi dokar kafa cibiyar bincike da maganin sankara ta ƙasa a 2017, sai a 2023 ta fara aiki sosai. A watan Oktoban 2023 ne kuma aka shigar da allurar rigakafin HPV, ƙwayar da ke haddasa mafi yawan sankarar bakin mahaifa, cikin rigakafin yau da kullum na 'yan mata. Kowane ɗaya cikin waɗannan yana buƙatar masu bibiya. Ana buƙatar ɗan sashen ƙididdiga da zai tattara adadin masu cutar, da ɗan akanta da zai karanta kasafi ya gano ko an saki kuɗin da aka rubuta, da 'yar aikin jarida da za ta bayyana wa iyaye mata amfanin gwaji da Hausar da za su gane, da ɗan sashen mulki da zai iya rubuta takardar shafi ɗaya ga ɗan majalisa.

Mu ba mu da dukiyar Mary Lasker, ba mu da lambar wayar shugaban ƙasa. Amma kasafin kuɗin jiha takarda ce da kowa ke da haƙƙin gani, kuma majalisu kan kira zaman jin ra'ayin jama'a. Masu neman batun furojet a zango mai zuwa, ku duba nawa jiharku ta ware wa gwajin sankara a bana, nawa kuma aka fitar. Daga irin wannan tambayar ita ma ta fara a 1943.