Sayyidina Mu'azu Ɗan Jabal: Malamin Da Aka Sayar Da Dukiyarsa Don Biyan Bashi

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Wanda duk ya zaga kasuwar 'Yan Katako ko ta 'Yan Lemo da ke Na'ibawa a Kano zai tarar yawancin ciniki bisa amana yake tafiya, watau a ɗauki kaya yau, a kawo kuɗi in an sayar. Haka nan ma'aikatan masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai, da yawansu kan karɓi hatsi da mai wurin mai kanti, sai ƙarshen wata su biya. Tun lokacin da masaƙu da waɗansu masana'antu suka riƙa rufewa, magidanta da dama sun wayi gari abin da ake bin su ya fi abin da suka mallaka. Wani ya gudu ya bar iyali, wani ya ci sabon bashi domin ya toshe tsoho. To, irin wannan hali ya taɓa samun ɗaya daga cikin manyan malaman Sahabbai, kuma yadda aka warware nasa al'amari shi ne malamai suka gina hukunci a kai.

ASALINSA DA ILMINSA

Sunansa Mu'azu ɗan Jabal, ana yi masa alkunya da Abu Abdurrahman. Mutumin Madina ne daga ƙabilar Hazraj, ya tashi cikin Banu Salima. Ya musulunta yana ɗan shekara 18, a zamanin da Mus'abu ɗan Umairu yake karantar da mutanen Madina. Yana cikin mutum saba'in da 'yan kai da suka yi wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, mubaya'a a Aƙaba cikin shekarar 622 Miladiyya. Ya halarci yaƙin Badar a shekara ta 2 bayan Hijira, da yaƙoƙin da suka biyo baya.

Allah Ya hore masa kaifin fahimta tun yana saurayi. Yana daga cikin mutanen Madina huɗu da suka haɗa Alƙur'ani duka tun Annabi na da rai, sa'an nan yana cikin mutum huɗu da Annabi ya yi umurni a koyi karatu wurinsu, tare da Abdullahi ɗan Mas'udu da Ubayyu ɗan Ka'abu da Salimu 'yantaccen bawan gidan Abu Huzaifa. Annabi ya shaide shi da cewa shi ya fi kowa sanin halal da haram a cikin al'umma. Yakan yi sallar lisha bayan Annabi, sa'an nan ya koma unguwarsu ya yi wa jama'arsa limanci. Da aka ci Makka a shekara ta 8, shi aka bari can domin ya karantar da sababbin shiga Musulunci.

YADDA BASHI YA HAU KANSA

Masu tarihi sun siffanta Mu'azu da cewa saurayi ne kyakkyawa, mai sakin fuska, mai kyauta ƙwarai da gaske. Ba ya iya riƙe abu a hannunsa, kuma ba ya iya sallamar mai roƙo hannu banza. In ba shi da abin bayarwa sai ya ranto ya bayar. Ba shagali ya jefa shi ba, ba kuwa almubazzaranci a kan kansa ba. Kyauta ce da abin da ba nasa ba. Sannu a hankali bashi ya yi ta taruwa har ya cinye dukiyarsa duka. Masu bin sa suka matsa, har ya yi 'yan kwanaki bai fita daga gida ba. Daga ƙarshe magana ta kai gaban Annabi.

Darakuɗni da Hakim da Baihaƙi sun ruwaito labarin, Ibn Hajar kuma ya kawo shi cikin Bulugul Marami, a babin wanda ya tsiyace, ko da yake waɗansu malaman hadisi sun rinjayar da cewa ruwayar mursala ce. Annabi ya fara da neman masu bin bashin su yi rangwame, ya yi addu'ar rahama ga wanda ya yafe. Waɗansu suka yafe, waɗansu suka ƙi, ba a kuwa tilasta wa kowa ba, gama haƙƙinsu ne. Sai Annabi ya hana Mu'azu taɓa dukiyarsa, ya sayar da ita, ya raba kuɗin tsakaninsu. A wata ruwaya, kowa ya sami kashi 5 cikin 7 na abin da yake bi, watau mai bin dirhami 7 ya karɓi 5, mai bin 70 ya karɓi 50. Da suka nemi ƙari, Annabi ya nuna musu ba su da hanya a kan jikinsa, su ƙyale shi. Mu'azu ya tashi ba shi da kome.

Abin lura a nan shi ne, son da Annabi yake yi masa bai sa ya danne haƙƙin mutane ba, kuma fatarar da ta same shi ba ta rage masa daraja ba.

TAFIYA YAMAN

Shaidar wannan kuwa ita ce, kafin Hajjin Ban-kwana Annabi ya aika shi ƙasar Yaman a matsayin malami da alƙali da mai karɓar zakka, yana mai fatan Allah Ya mayar masa da abin da ya rasa. Mutumin da aka sayar da kayansa jiya, shi aka danƙa wa dukiyar jama'a yau, domin an san rashi ne ya same shi, ba ha'inci ba. Annabi ya raka shi da ƙafa, shi yana bisa abin hawa, ya yi masa wasiyya ya karɓi zakka daga mawadatansu ya mayar ga matalautansu, ya guji zaɓen mafi kyawun dukiyar mutane, ya kuma ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta. Ya sanar da shi kuma mai yiwuwa ne ba su sake saduwa ba. Haka kuwa aka yi. Mu'azu ya zauna Janad, kusa da Ta'iz ta yanzu, inda masallacin da ake jingina masa yake har yau.

Ya komo Madina zamanin halifancin Sayyidina Abubakar, da dukiya a hannunsa. Sayyidina Umar ya ba shi shawara ya miƙa ta ga halifa, da fari ya ƙi. Sai ya yi mafarki yana shirin halaka, Umar ya cece shi. Gari na wayewa ya kwashi kome ya kai wa Abubakar, bai ɓoye ko ƙanƙani ba. Abubakar ya ƙi karɓa, ya bar masa, a nan ne Umar ya nuna yanzu ta halatta gare shi.

RASUWARSA

Daga baya ya tafi Sham tare da rundunonin Musulmi. Kyautarsa tana nan, sai dai yanzu da abin da ke hannunsa yake yi. An ruwaito Umar ya aika masa dinari 400, nan take ya rarraba su gida gida, har sai da matarsa ta leƙo ta tuna masa su ma mabukata ne, ya ba ta biyun da suka saura. A shekara ta 18, watau 639 Miladiyya, annobar Amwas ta ɓarke. Da Abu Ubaida ɗan Jarrah ya rasu, Mu'azu ya gaje shi a shugabanci. Annobar ta ɗauki ɗansa Abdurrahman, sa'an nan ta ɗauke shi shi ma, bai cika shekara 40 ba. Kabarinsa yana kwarin Urdun. Allah Ya ƙara masa yarda.

HUKUNCIN DA MALAMAI SUKA CIRO

Sayyidina Umar ya bi wannan tafarki a kan wani mutumin Juhaina da ake kira Usaifi'u, mai sayen raƙuma da tsada bisa bashi domin ya riga alhazai isowa. Da ya karye, Umar ya yi shela masu bin sa su zo da safe a raba musu abin da ya rage. Imamu Malik ya kawo wannan cikin Muwaɗɗa. Imamu Abu Hanifa dai bai yarda a hana baligi mai hankali taɓa dukiyarsa ba, amma Malik da Shafi'i da Ahmad sun yarda.

A littattafan Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Kano, irin su Risala da Muhtasar, ana kiran wannan babi taflisi. In bashi ya fi dukiya, masu bi suka kai ƙara, alƙali zai hana mutum kyauta da saye da sayarwa a cikinta. Bashin da lokacinsa bai yi ba shi ma ya zama na biya nan take. Za a sayar da kayansa a gabansa. Dabbobi da wuri, amma gida da gona sai a jira kamar wata biyu, don kada a karyar da su. Za a bar masa suturarsa da abincin iyalinsa. Wanda ya tarar da ainihin kayan da ya sayar masa suna nan, yana da zaɓi, ko ya ɗauki abinsa ko ya shiga rabo. Mai riƙe da jingina shi ya fi cancanta da ita. Saura kuwa kowa ya samu gwargwadon abin da yake bi, ba a fifita mai ƙarfin murya. Ana iya tsare wanda ake tuhuma ya ɓoye dukiya, amma wanda rashinsa ya tabbata ba a ɗaure shi. Abin da ya saura yana nan a wuyansa sai ya sami hali, kamar yadda aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta yi umurni da jinkirta wa matsattse, ta kuma nuna yafewa ta fi alheri. Har ila yau aya ta 60 ta Suratut Tauba ta sa waɗanda bashi ya danne cikin masu cin zakka. Nijeriya ma ta kafa dokar karayar arziki a shekarar 1979, wadda ita ma ta ginu a kan tara kadarori da raba su tsakanin masu bi.

Saboda haka magidancin da bashi ya fi ƙarfinsa, a Na'ibawa yake ko a wani gari, ba shi da uzurin gudu ko ɓoye kaya a gidan surukai. Ya daina ranto sabo, ya rubuta abin da ake bin sa da abin da ya mallaka, kamar yadda aya ta 282 ta Baƙara ta kwaɗaitar da rubuta bashi tun farko. Sa'an nan ya tara masu bin sa gaban liman ko shugaban kasuwa, ya faɗi gaskiya, ya nemi rangwame ko ƙarin lokaci. In sulhu ya ƙi, alƙali yana nan. Su kuma masu bi su tuna an dakatar da masu bin Mu'azu a kan abin da ya samu, ba a ba su ikon wulaƙanta shi ba. Mawadata kuwa su tuna akwai wanda ya ba Mu'azu aikin da ya miƙe da shi. Allah Ya warware wa duk wanda ke cikin ƙuncin bashi, Ya ba masu bi haƙuri, amin.