Boyd Alexander: Masanin tsuntsayen Tafkin Chadi da aka binne a Maiduguri

Kafin a kafa Yerwa a 1907, tun babu Kasuwar Kwastam da unguwannin da suka kewaye ta a yau, Turawan Ingila suna da ƙaramin barikin soja a Maifoni, kusa da kogin Ngadda. Garin Maiduguri ya haɗiye wurin tuntuni. A can aka binne wasu 'yan uwa biyu, Claud da Boyd Alexander. Na biyun yana cikin masu binciken farko da suka rubuta cikakken bayani kan tsuntsayen Tafkin Chadi da yanayin ruwansa.

An haifi Boyd Alexander ranar 16 ga Janairu 1873 a garin Cranbrook da ke yankin Kent na Ingila. Tun yana yaro ya fara tara tsuntsayen yankinsu, kuma shiga aikin soja bai raba shi da wannan sha'awa ba. A 1897 ya ziyarci tsibiran Cape Verde, inda ya haɗu da José Lopes, wanda ya zama mataimakinsa har ƙarshen rayuwarsa. Daga nan ya bi kogin Zambezi, ya yi aikin soja a ƙasar da ake kira Ghana a yau, ya kuma shiga yaƙin Kumasi na 1900. A 1902 ya hau duwatsun tsibirin Fernando Po, wato Bioko, ya dawo da nau'o'in tsuntsaye da dama da masana ba su taɓa rubutawa ba.

Babban aikinsa ya fara ne a 1904, lokacin da ya jagoranci ayarin da ya ƙudiri ratsa Afirka daga kogin Kwara zuwa kogin Nil. Tare da shi akwai ƙanensa Kyaftin Claud Alexander, da Kyaftin G. B. Gosling, da P. A. Talbot mai awon ƙasa, da kuma Lopes. Sun zo da jiragen ruwa biyu na ƙarfe waɗanda ake kwancewa a ɗauka a ka. Daga Lakwaja suka bi Binuwai zuwa Ibi, suka haura Gongola, sannan 'yan dako suka ɗauki sassan jiragen zuwa kogin Yobe, wanda ya kai su tafki. Wannan nauyi duk a wuyan 'yan ƙasa ya sauka, masu dako da masu tuƙi da tafintoci, waɗanda tarihi bai adana sunayen yawancinsu ba.

Tun ba a isa tafkin sosai ba ayarin ya yi babban rashi. Zazzaɓi ya kama Claud, ya rasu a Maifoni a watan Nuwamba 1904. Boyd ya binne ƙanensa, ya koma bakin aiki.

Tafkin da ya tarar ya saɓa wa abin da taswirorin Turai suke nunawa, domin su suna zana shi kamar wani teku guda. Ruwa ne maras zurfi, cike da laka da tsibirai da dogayen ciyayi, ga sauro da ba ya barin barci. Ya shafe watanni yana neman hanyar da za ta fitar da shi kudu zuwa bakin kogin Shari. Sau da yawa jiragen sukan maƙale a taɓo, sai mutane su shiga ruwa su ja su, su sare ciyayi da hannu. A wannan wahala ce ya fahimci abin da Buduma mazauna tsibiran suka daɗe da sani: tafkin kwari biyu ne, na arewa da na kudu, kuma idan ruwa ya ja baya sai wani tudu mai fadama ya raba su.

Wannan bayani yana da amfani har gobe. A farkon shekarun 1960 faɗin tafkin ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000, amma fārin shekarun 1970 ya sake raba shi biyu a daidai wannan tudu. Rubuce-rubucen Alexander da na ayarin Bafaranshe Jean Tilho, wanda ya biyo baya, sun nuna cewa tafkin ya taɓa ƙanƙancewa a farkon ƙarnin, sannan ya sake cika. Duk mai tsara madatsar ruwa ko aikin noman rani a wannan yanki yana bukatar sanin cewa ruwan yana zuwa yana komawa, kuma kifi da tsuntsaye da makiyaya duk da wannan juyi suke rayuwa.

Daga Shari ayarin ya shiga kogunan Ubangi da Uele na ƙasar Kwango, inda suka samu fatar okapi, 'yar uwar raƙumin dawa da ke ɓuya a ƙurmi, wadda Turai ba ta daɗe da jin labarinta ba. Gosling ya rasu a Niangara a watan Yuni 1906. Alexander da Lopes suka isa Nil a ƙarshen shekarar. Littafinsa mai juzu'i biyu kan tafiyar ya fito a 1907, kuma a 1908 ƙungiyar masana labarin ƙasa ta Landan ta ba shi lambar zinariya.

Bai zauna ba. Ya koma tsibiran São Tomé da Príncipe da Annobón, ya hau Dutsen Kamaru a 1909, shekarar da dutsen ya yi aman wuta, sannan ya biyo ta Maifoni ya nufi Wadai. Lokacin ƙasar tana cikin yaƙi, domin Faransa ta kama Abeche a 1909 kuma sarakunan yankin suna turjiya. An kashe shi ranar 2 ga Afrilu 1910 a Nyeri, yana da shekara 37. An ɗauko gawarsa aka binne kusa da ƙanensa. Budurwarsa Olive MacLeod ta taso daga Birtaniya don ziyartar kabarin, kuma daga baya ta auri Charles Temple, wanda ya zama Mataimakin Gwamnan Arewa.

Alexander ba mai kare namun daji ba ne irin na wannan zamani. Bindiga ce kayan aikinsa, yana harbe tsuntsu ya feɗe fatarsa, kuma tafiyarsa ta ci gajiyar mulkin mallaka. Sai dai fatun da ya tara, da bayanin wuri da ranar da aka samu kowannensu, sun zama ma'aunin da ake gane abin da ya ɓace. Wata tsattsewar Cape Verde tana ɗauke da sunansa, wasu tsuntsayen kuma da sunayen Gosling da Lopes.

Waɗannan kayayyaki suna hannun gidan tarihin halittu na Birtaniya. A nan gida akwai Hukumar Tafkin Chadi da aka kafa a 1964, da Cibiyar Binciken Tafkin Chadi a Maiduguri, da Gandun Dajin Ƙasa na Yankin Chadi na 1991. Rikicin Boko Haram ya hana masu bincike shiga sassa da yawa na tafkin fiye da shekara goma, kuma ambaliyar Alau ta Satumba 2024 ta halaka yawancin dabbobin gidan zu na Sanda Kyarimi. Ƙidayar tsuntsu ko awon ruwan da ba a yi a shekararsa ba, babu kasafin kuɗin da zai dawo da shi daga baya.