Pier Giorgio Frassati: Saurayin Da Ya San Hanyar Dutse, Ya Kuma San Ƙofar Talaka



Duk wanda ya bi ta Sharaɗa ko Challawa ko Bompai da yamma bayan an tashi daga aiki, zai ga samarinmu sun tuɓe kayan kamfani, sun kafa duwatsu a fili suna buga ƙwallo har duhu ya raba su. Da yawa cikinsu 'ya'yan ikkilisiya ne da suka baro gida domin neman abinci a masana'antun fata da na roba. Sau da yawa mu iyaye da masu hidima muna yi musu kallon marasa natsuwa, su kuma sun ɗauka bin Yesu yana nufin a daina wasa da dariya. Ta haka muke rasa su ɗaya bayan ɗaya. Domin wannan ne yau za mu duba rayuwar wani saurayi na ƙasar Italiya, wanda shi ma ya tashi a garin masana'antu.

An haifi Pier Giorgio Frassati ran 6 ga Afrilu 1901 a birnin Turin, inda kamfanin motoci na Fiat yake. Mahaifinsa Alfredo shi ne mai jaridar La Stampa, ya zama sanata, daga baya kuma a 1920 aka naɗa shi jakadan Italiya a Jamus. Mutum ne mai dukiya da suna, amma ba ruwansa da sha'anin bangaskiya. Mahaifiyarsa Adelaide kuwa gwana ce wajen zane. Yana da ƙanwa ɗaya mai suna Luciana, wadda suka shaƙu ƙwarai. Gidan akwai wadata, amma babu zaman lafiya tsakanin uba da uwa.

Yaron ba wani haziƙi ba ne a aji. Ya faɗi jarrabawa har aka mai da shi wata makaranta ta limaman Jesuit, a can ne kuwa ya saba da zuwa sujada kowace safiya da karɓar Jibin Ubangiji. Amma a fili babu mai kama ƙafarsa. Yana iyo, yana hawan doki da keke, yana wasan zamiya a kan ƙanƙara. Abin da ya fi so shi ne hawan manyan duwatsu na arewacin Italiya. Ya hau dutsen Monviso mai tsawon mita 3,841, wanda in an jera shi da Dala ko Goron Dutse sai su zama kamar shuri. In yana hutu a gidan kakanninsa da ke Pollone, yakan yi sammako ya haura da ƙafa zuwa majami'ar Oropa ya yi addu'a.

Mutum ne mai son abokai da barkwanci. A 1924 shi da abokansa maza da mata suka kafa wata ƙungiyar raha, suka raɗa mata sunan wasa mai ma'anar mutanen da ba a yarda da su ba. Aikinsu hawan dutse da tsokanar juna, amma sun yi alkawarin yi wa juna addu'a. In wani ya gaji a hanya, Pier Giorgio yakan nuna kamar shi ne ya gaji domin a tsaya a huta, kada ɗan'uwansa ya ji kunya.

To, ƙafar nan da take hawan dutse ita ce kuma take shiga lungunan talakawa. A 1918, yana da shekara 17, ya shiga ƙungiyar Vincent de Paul mai kula da mabukata. Yana kai abinci da magani da gawayi ga gwauraye da marayu da sojojin da suka dawo daga yaƙin duniya na farko ba aikin yi. Yakan ba da kuɗin motarsa, sa'an nan ya sheƙa a guje zuwa gida don kada ya makara cin abinci. In ya makara, sai a yi masa faɗa, shi kuwa ba ya faɗin inda ya fito. Ko karatun da ya zaɓa a makarantar fasaha ta Turin, wato injiniyan haƙar ma'adinai, ya zaɓe shi ne domin ya yi wa Almasihu hidima a cikin leburorin rami, waɗanda suka fi kowa shan wuya.

Bai kasance matsoraci ba. Ya ƙi jam'iyyar Mussolini a fili tun kafin ta hau mulki a 1922. A 1924 da 'yan bangar jam'iyyar suka kutsa gidansu, shi ya tare su ya kore su. Akwai kuma wata gwagwarmaya da ya yi a ɓoye. Ya ƙaunaci wata yarinya cikin abokansa, amma da ya ga iyayensa ba za su yarda ba, auren nasu kuma yana gab da mutuwa, sai ya haƙura domin kada ya ƙara wa gidan wuta.

A ƙarshen watan Yuni 1925 ya kamu da cutar shan inna, wadda likitoci suka yi zaton ya ɗauko ta ne wajen ziyarar marasa lafiya. A lokacin babu rigakafinta, gama sai a 1955 aka fara samun allurar. Mu a Kano mun san wannan cuta, mun ga yaran da ta naƙasa kafin a tabbatar a 2020 cewa an kawar da asalin ƙwayarta daga Afirka. A kwanakin nan kakarsa tana kan gadon mutuwa, hankalin kowa yana kanta, shi kuma bai yi ƙorafi ba. Kafin a farga, jikinsa ya shanye. Ana gobe zai rasu, da hannun da ya riga ya mutu rabi, ya rubuta wa abokinsa 'yar takarda cewa a kai wa wani talaka allurar da ya yi masa alkawari. Ya rasu ran 4 ga Yuli 1925, yana da shekara 24, saura jarrabawa biyu ya gama karatu.

Ran jana'iza iyayensa suna jiran manyan gari, sai ga tituna sun cika da talakawa waɗanda ba su taɓa gani ba. Da yawa cikin talakawan ma sai ran nan suka san cewa saurayin da ke kawo musu taimako ɗan sanata ne. Iyayen kuma sai ran nan suka san ɗan da suka haifa. Ba su rabu ba bayan haka, mahaifin kuma ya komo ga bangaskiya kafin rasuwarsa a 1961. Paparoma John Paul na biyu, wanda ya ziyarci Kaduna a 1982, ya sa shi cikin masu albarka ran 20 ga Mayu 1990. Paparoma Leo na 14 kuma ya sa shi cikin tsarkakan Ikkilisiyar Katolika ran 7 ga Satumba 2025.

Ko wace ɗariƙa muke bi, akwai abin koyi a nan. Ya ku samari, ba wanda ya ce ku ajiye ƙwallo kafin ku bi Yesu. Ƙarfin nan naku baiwa ce daga Allah. Amma in an tashi daga fili, ku tambaya wane ne bai zo ba yau, wa aka sallama daga aiki, wa ke kwance a ɗaki ba mai duba shi. Ba sai kuna da kuɗin ɗan sanata ba, ƙafa da lokaci ma sadaka ne. Ku karanta Matiyu sura 6 da sura 25, ku ga yadda Ubangiji yake duban taimakon da aka yi a ɓoye.

Ya ku iyaye da dattawan ikkilisiya, mutanen gidan Frassati sun zauna da shi shekara 24 suna ganin yaro ne mai makara da faɗuwa jarrabawa. Kada mu jira sai ran jana'iza kafin mu san 'ya'yanmu. Mu je bakin fili mu gan su, mu kira su da sunansu, mu ba su aiki a gidan Allah.

Ubangiji ya tsare mana matasanmu, ya ba mu idon ganin alherinsa a cikinsu. Amin.